Filin Bayan Injin Niƙa

Ni anka ba biro,
wai rubutuna ya fi na kowa tsayuwa.
Mu bakwai ne a shagon Sahabi tela, nan Gummi,
keken ɗinki na kuka a gefe,
muna lissafin abin da ba a ci, ba a sha:
wasa.

A shafin fari na rubuta juji.
Shi ne filin, bayan injin niƙa,
leda da ƙaya da kashin awakin Arzika.
Asabar uku muna shara,
a ta huɗu munka gane ashe ƙasar ja ce.

Shafi na biyu, kuɗi.
Ɗari biyar-biyar, ga wanda ya samu.
Inna Tumba ta ce ita ba ta da ko sisi,
amma randa biyu na wuyanta, da moɗa,
kuma duk ɗan da ya tsoma hannu ciki
zai san wadda ta kawo ruwan.
Na rasa layin da zan sa randa,
sai na rubuta ta ƙarƙashin jari.

Tsoho Nomau ya leƙo da sandarsa:
"Mi kuka nufi? Gari na cikin wanga hali,
ku ko ta ƙwallo kukai?"
Ba wanda ya tanka.
Sahabi ya ci gaba da taka keke.

Munka raba kwanaki kamar naman watanda.
Alhamis langa, tunda ranar alluna na rataye,
Juma'a bayan la'asar ƙwallo,
Asabar gaɗa, Luba ke riƙe da 'yan mata.
A watse kafin ladan ya gyara murya:
wannan sharaɗin iyaye ne,
na ja masa layi biyu.

Ran farko ƙwallo ta fashe
kan ƙaya ɗaya da ta tsere wa tsintsiya.
Usur ya ɓace, alƙali ya yi ta fito
har leɓensa ya tsage.
'Yan shiyar gabas sunka ce an yi musu coge,
kwana biyu ana sulhu a kan ci ɗaya
da ni ban ma gani ba,
ina can ina korar akuya.

Akwai wani yaro, Lauwali,
cikin waɗanda sunka taso daga ƙauye da dare
da tabarma da tukunya ɗaya.
Wata biyu unguwa ba ta san muryarsa ba.
Yakan jingina da katangar injin,
garin dawa na sauka a girarsa, yana kallo.

Wata Alhamis mutum ɗaya ya kasa a langa.
Sahabi ya miƙa masa hannu, bai ce komai ba.
Yaron ya kamo yatsan ƙafarsa ta baya,
tsalle ɗaya, tsalle biyu,
ya goce wa wani ƙato,
ya sulale ta ƙarƙashin hammatar wani,
ya dafa turmin da munka kafa masha.
"Ruwa ya sha!"
Shi ya faɗa. Da bakinsa.
Uwarsa na tsaye wajen randa,
moɗa ta suɓuce mata,
Inna Tumba kuwa, a karon farko, ba ta yi faɗa ba.

Da daren na buɗe littafi.
Ana bin mu kuɗin facin ƙwallo,
bokitin kyauta bai samu ba, sai sabulu sanda biyu,
Arzika bai ɗaure awakinsa ba har yau.
Na daɗe biro na tsaye kan takarda.

Da safe na biya ta filin.
Ga Nomau durƙushe a inuwar darbejiya,
yana tona gurabu da gindin sandarsa,
biyar nan, shida nan,
duwatsu a aljihu, karare a hula.
Bai ɗago ba ya ce:
"Kai mai biro, Lahadi wa ka ba?
Rubuta dara.
Kuma a kawo muna tabarma, gwiwa ta tsufa."